Ranar da Wuta Ta Ƙi Ɗaukewa a Layin Masu Buga Kati

Duk wanda ya san layin masu buga kati a Funtuwa ya san shagon Alhaji Mamuda, wanda kuma ya san shagon ya san Tasi'u, ɗan ƙanwar Alhajin, mai kula da kwamfutoci. Tasi'u mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Jarrabawarsa ɗaya ce a duniya: in ya yarda da abu, ba ya samun barci sai ya ga kowa ya yarda da shi.

Abin da ya yarda da shi kuwa wata babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, irin buɗaɗɗiyar nan da ba ta da mai ita. Kyauta ce, kowa na iya leƙa cikinta, wanda ya ga ɓaraka ya yi mata faci ya aika wa masu kula da ita, su kuma 'yan sa-kai ne da ke warwatse a duniya. Tasi'u ya yi ta yi wa kawunsa wa'azi a kanta safe da yamma har Alhaji ya gaji ya ce a sa, ko ya samu ya sha shayinsa lafiya. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya ya goge musu abin da suka saba da shi ya zuba musu tasa, yana rantsuwa cewa wannan ba ta tari, ba ta mura, ba ta kama ƙwayar cuta.

Ƙwayar cuta dai ba ta kama ba, a ba shi gaskiyarsa. Wani ciwo ta zo da shi na daban. Wutar layin nan ba ta ɗaukewa kai tsaye, sai ta yi sallama tukuna: ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja, ta dawo, ta sake yin ƙasa, sannan ta kama gabanta, batirin shago ya karɓa. A cikin wannan rawar sai firinta ta ɗan suma ta farfaɗo. Da ta farfaɗo sai manhajar ta ɗauka ba a ma fara aikin ba, ta turo shi tun daga farko, ta sake turowa, ta kuma sakewa, har sai takarda ta ƙare ko wani ya yi tsalle ya zare waya.

Abin ya kai intaha ranar da ake buga katin ɗaurin auren 'yar wani ɗan kasuwa, a kan takarda mai tsada mai ruwan zinare a gefe. Kowa ya tafi masallaci aka bar firinta tana aikinta. Da aka dawo, katin da aka tarar a ƙasa ya isa a gayyaci Funtuwa da Bakori, har a aika wa mutanen Malumfashi nasu.

Tasi'u bai zauna ba. Ya bi cikin manhajar ya gano inda tangarɗar take, ya yi mata faci. Layi uku ne kacal na rubutu, ya sa a kwamfutocin shagon, ciwo ya tafi. Matsalar ita ce duk ranar da manhajar ta sabunta kanta daga wajen masu kula da ita, sai ta wanke facin Tasi'u tas, ciwo ya dawo ba sallama. Haka ya dawo ya sake cinye wa Alhaji katin walimar saukar Alƙur'ani. A ranar ne Alhaji ya kira shi ya zaunar, ya yi masa magana a hankali, wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Tasi'u, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abu ɗaya. In facin nan naka faci ne, me ya hana manyanku su karɓa su sa a cikin ta kowa?"

"Kawu, akwai ƙa'idoji ne..."

"To bi su. Bukukuwan bayan Sallah sun ƙarato, aikin shekara ke nan. In manyanku ba su karɓa ba kafin nan, zan kira Sagir ya goge ta ya maido mini da tsohuwa, kujerar nan taka kuma shi zai hau. Uwarka ƙanwata ce, na sani. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka."

Sagir ɗin nan wani mai gyaran kwamfuta ne a bakin tasha. Tun ranar katin ɗaurin aure ya tsiri zuwa gaida Alhaji sau biyu a rana, yana tambayar lafiyar iyali yana kallon kujerar Tasi'u. Tasi'u ya san in shagon kawunsa ya juya baya, sauran shagunan ma bi za su yi, shi kuma ya zama abin nuni a layin har tsufansa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ita manhajar nan zubi biyu gare ta. Akwai ta gwaji, inda masu son sabon abu ke zuba duk abin da suka ƙirƙiro, in ta fashe a yi dariya a gyara. Facin Tasi'u ya shiga can ba wahala. Sai kuma zaunanniya, wadda shaguna da makarantu da asibitoci ke aiki da ita, wadda ba a taɓa ta sai da dalili mai ƙarfi. Ɓangaren firinta na zaunanniyar kuwa mai tsaron ƙofarsa wata baiwar Allah ce a Zariya, Malama Barira, malamar kwaleji, wadda aka ce ko ƙaninta ne ya aiko faci sai ta juya shi ta duba bayansa.

Da Tasi'u ya zo aikawa sai kunya ta kama shi. Ya dubi layi uku ya ga kamar ka je gaida babban mutum da goro ɗaya a hannu. Me za ta ɗauke shi? Sai ya zage ya yi wa abin rakiya. Ya gyara fasalin akwatin da ke nuna ana bugawa, ya sake masa launi, ya ƙara wani ɗan sauti mai daɗi da zai yi ƙara in aiki ya kammala, ya share wasu tsofaffin layuka da ya ga ba su yi masa kyau ba. Ya haɗa duka ya tura, yana jin kansa.

Amsar ba ta daɗe ba, kuma ba ta da tsawo. "Malam Tasi'u, sannu da ƙoƙari. Ƙaya aka ce ka cire wa mutum a ƙafa, ka cire, sai kuma ka haɗa masa da aski da cire haƙori. Zaunanniya gyara ɗaya take karɓa, ƙarami, na ciwon da aka tabbatar. Turo mini ƙayar ita kaɗai."

Ya ji zafi, ba ƙarya, domin sautin nan ya fi komai ba shi wahala. Amma ya haɗiye, ya sauke kayan rakiya, ya tura layi uku tsirara. Wannan karon kiransa ta yi a waya.

"Na karanta, kuma a ido yana da kyau," in ji ta. "Sai dai na kasa ganin ciwon. Na sa aiki na kashe wuta, na kunna, na sake kashewa, firinta ko gezau."

"Ranki ya daɗe, ai kashewa da hannu ba ta tayar da shi. Sai wuta ta yi rawar nan tata kafin ta tafi."

"To ni sola gare ni, gida da ofis. Masu gwada mana kuma yawancinsu suna ƙasashen da in an ɗauke wuta sai an faɗa a labarai."

"In turo miki bidiyo?"

"Bidiyo zai nuna mini firinta tana hauka, ba zai gaya mini dalili ba. Ban ce ƙarya kake ba, Malam Tasi'u. Amma in na sa abin da ban tabbatar ba ya je ya tsayar da firintar wani asibiti, ni za a tambaya. Sai na zauna gaban kwamfutar na ga ciwon yana tashi, na ga maganin yana aiki." Sannan ta ƙara da cewa, "Ranar Asabar ina da suna a Funtuwa. Zan leƙa gidan sunan da safe in zo shagonku. Lahadi muke rufe zubin nan, na gaba kuma sai bayan Sallah."

Tasi'u ya ajiye waya baki har kunne. Hujjar da ake nema a ɗauke wuta ce? A layinsu? Ai abin nema ya samu. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin an yi wuni guda ba a ɗauke ta ba, wani lokaci ma kafin ka gama cewa an kawo an mayar. Ya jera kwamfuta biyu da firinta biyu a kan teburi, ta hagu ba faci, ta dama da faci. Ya cika su da tsofaffin takardun da suka lalace, ya shirya aiki a kowace, saura danna maɓalli ɗaya da zarar fitila ta yi ja. Har kujera mai laushi ya aro wa baƙuwa.

Ranar Asabar da hantsi Malama Barira ta iso, 'yar gajeruwa da tabarau da jaka a kafaɗa. Suka gaisa da Alhaji, ta duba shirin Tasi'u ta ce ya yi, ta zauna.

"Yanzun nan za ki gani, ranki ya daɗe," in ji Tasi'u. "Ba ta kaiwa azahar."

Wuta kuwa tana nan tsaye ƙyam. Fanka na juyawa da ƙarfin da Tasi'u bai san tana da shi ba. Aka kawo wa baƙuwa zoɓo mai sanyi, sanyin gaske, abin da aka daɗe ba a gani ba a layin. Ta sha, ta fito da takardun ɗalibanta ta fara dubawa. Tasi'u ya kafa wa ƙwan fitila ido, yatsa a kan maɓalli.

Aka kira azahar, aka yi, aka dawo. Wuta na nan.

A waje kuwa layi ya zama gidan biki. Shitu mai walda, wanda rumfarsa ke kallon shagon, ya fito da wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ta daɗe jingine tana jiran irin wannan rana, ya kama ta yana waƙa. Mai ƙanƙara na leƙa firjinsa yana murmushi shi kaɗai. Mai guga ya ajiye dutsen gawayi ya jona na lantarki. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Yau dai masu wuta sun tuba!" a amsa masa da "Allah ya ɗorar!" Duk amin ɗin da aka yi, sai Tasi'u ya ji ta a ƙirjinsa.

Ya kira wani abokinsa a can ƙarshen gari ya tambaye shi ko akwai wuta a wajensu. Abokin ya ce akwai, ko'ina akwai, har tsohuwarsa ta ce a duba ko wani babba ne zai zo. Tasi'u ya kashe waya ba sallama.

Daga nan ya shiga dabaru. Ya jona butar dafa ruwa, ya jona injin yankan takarda, ya kunna tsohuwar na'urar kwafi mai cin wuta, wai ko nauyi zai sa ta durƙusa. Ko ƙiftawa fitila ba ta yi ba. Ya tsallaka wajen Shitu ya ce don Allah ya kunna babban injinsa, wanda in ya tashi duk layin ke sani. Shitu ya ce ai shi yake aiki da shi tun safe, yau wutar ce ta ƙoshi. Da ya dawo sai ya lallaɓa bayan ƙofa ya kama makunnin shago yana ɗan karkaɗa shi sama da ƙasa.

Malama Barira ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam Tasi'u, sakar musu makunni kada ka ƙona wa Alhaji kaya. Ni ma na yi wannan a gida."

Alhaji Mamuda, wanda ke kishingiɗe yana shan iskar fanka, ya ce, "Ƙyale shi, Malama. Wutar tamu ce mai kunya, ba ta fita gaban baƙi."

Kamar abin bai isa ba, sai ga Sagir ya zo gaisuwar yamma tun yamma ba ta yi ba. Ya gaida Alhaji, ya gaida baƙuwa, ya tambayi Tasi'u ya aiki cikin murya mai taushi, ya samu benci a bakin ƙofa ya zauna. Malama Barira kuma ta dubi agogo ta ce ita fa da an yi la'asar za ta kama hanya, ba ta son magariba ta same ta a titi.

Tasi'u ya tafi sallar la'asar. Abin duniya ya ishe shi. Da aka sallame mutane suka fara fita, shi ya zauna ya ɗaga hannu. Da farko a zuci yake yi, amma wanda ruwa ya ci ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Shitu mai walda, da ke gefensa yana neman hularsa, sai ya ji ana cewa, "Ya Allah ka sa a ɗauke. Ya Allah ko na ɗan lokaci ne. Ya Allah ka sa ta yi rawa tukuna sannan ta tafi."

Shitu ya saki hula. "Tasi'u, me za a ɗauke?"

"Wata buƙata ce tawa."

"Wuta kake nufi? Kai, ka ji tsoron Allah! Ƙofar mutane na rabi, gobe za a zo ɗauka!"

"Shitu, na ɗan lokaci ne kawai..."

"Ka taɓa ganin ta tafi na ɗan lokaci?"

Kafin Tasi'u ya sa takalmi labari ya riga shi fita. Ya ratsa layin kowa na binsa da ido, mai ƙanƙara har da tsaki. Ya shiga shago ya tarar Malama Barira ta rufe takardunta ta rataya jaka.

"Ka yi haƙuri, Malam Tasi'u," ta ce, kuma da gaske ta ji tausayinsa. "Na so in gani. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. Sai zubi na gaba, in Allah ya kai mu."

Tasi'u ya juya. Ya dubi kawunsa, kawun ya kau da kai. Ya dubi Sagir, ya ga har ya fara gyara zaman hularsa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Malama ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa Alhaji godiyar zoɓo, Alhaji na cewa a gaida mutanen Zariya.

Sai fanka ta yi wani irin nishi.

Tasi'u ya ɗaga kai. Ƙwan fitila ya yi ja. Ya yi wani tsalle da bai san ya iya ba, ya danna maɓallin hagu, ya danna na dama, firintoci suka kama aiki. Fitila ta dawo, ta sake yin ja, ta yi rawa, ta yi rawa, ɗif! Daga farkon layi har ƙarshensa aka ɗauki salati da "Kaaai!" kamar an yi rashi. A cikin wannan jimami murya ɗaya ce ta tashi sama da ta kowa, daga shagon Alhaji Mamuda:

"Alhamdu lillahi! An ɗauke! Malama, an ɗauke!"

Malama Barira ta jefar da jaka ta dawo da gudunta ta zauna. Batiri ya karɓa. Firintar hagu ta farfaɗo ta kama hauka, tana tofo shafin farko, ta sake tofo shi, ta kuma sakewa, takardu na zubowa ƙasa. Ta dama kuwa ta ɗan tsaya, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta kai ƙarshe ta yi shiru abinta. Malama ta matsa tabarau ta karanta abin da kwamfutar hagu ke rubutawa a ciki, ta koma ta dama ta karanta. Ta yi wa Tasi'u tambaya biyu, ya amsa yana haki. Ta buɗe tata kwamfutar ta yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ta rufe.

"Gani ya kori ji," ta ce. "Ya shiga. Gobe zai fita a zaunanniya, duk mai irin wutarku a duniya ya huta. Alhaji, ɗanku ya yi aiki."

Wani sanyi ya ratsa Tasi'u tun daga kai har ƙafa, har idonsa ya kawo ruwa. Sagir ya tuna yana da wani aiki a tasha, ya zame ba sallama. Tasi'u bai ma lura da shi ba, kamar yadda bai lura ƙofar shagon ta cika da mutane ba: mai ƙanƙara, mai guga da rigar wani a hannu rabi a goge, da Shitu a gaba, tabaran walda a goshi.

"Alhaji, wallahi shi ne!" in ji Shitu yana nuna shi. "Da kunnena na ji shi a masallaci. Har yadda za ta tafi sai da ya tsara, ya ce ta yi rawa tukuna, kuma ta yi!"

Tasi'u dai murna ta rufe masa ido. Ya durƙusa gaban kawunsa cikin takardun da suka zube ya ce, "Kawu, ka ji da bakinta. Yanzu ka yarda na iya aiki?"

Alhaji Mamuda ya ɗauki kati ɗaya daga ƙasa ya fara fifita da shi. Ya dubi fankar da ta tsaya, ya dubi mutanen da ke ƙofa, sannan ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Na yarda mana, kujerarka na nan. Shekara da shekaru muna tsine wa masu wuta, ashe mai ɗauke ta a kwanona yake cin tuwo. Ga darduma can, hau ka maido mana da ita."